Gaisuwar Suruki A Kan Jiƙaƙƙen Siminti

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, akwai mutane a garinmu da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min, kyauta, safe da yamma. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama (har na ji wai na tashi sama na bugi rufin kwano), gara ku ji shi daga bakin wanda abin ya faru da shi.

Garinmu ƙauye ne a gefen Ɗambatta, irin wanda gonar wannan take manne da katangar wancan, in ka yi tari a gidanku sai a yi maka sannu daga maƙwabta. Na bar makaranta ina aji biyar na sakandare, shekarar da kuɗin taki ya haukace, gero kuma ya ƙi. Babanmu ya tara mu ya ce a gidan nan bana sai an zaɓa tsakanin kuɗin makaranta da tuwo. Aka zaɓi tuwo, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har da ƙuri'ata. Na tafi kasuwar hatsi ta Dawanau ina dakon buhuna. A can ne, a shagon wani mai cajin waya da nake fakewa da rana, na fara kallon bidiyon masu haɗa wutar lantarki. Yawanci Indiyawa ne, ko kalma ɗaya ba na ji, hannunsu kawai nake kallo. In sun murɗa in murɗa, in sun yanke in yanke. Na ƙona abubuwa da yawa kafin in fara gyara su.

Da na dawo gida na zama mai gyaran gari. Fankar sola, fitilar caji, rediyo, har fitilun masallacinmu ni na ja musu waya daga batir. (Kun san yawancin fankokin da kuke jefarwa lafiyarsu ƙalau? Wata 'yar siririyar waya ce take tsinkewa a wuya, saboda juyin da kan yake yi. Ku buɗe ku duba kafin ku sayar wa 'yan gwangwan. Wannan kyauta na ba ku.) Matsalata kenan, ba na iya sanin abu in yi shiru. In ka kawo min tocila sai ka tafi da tocila da lacca.

Amma duk wannan a banza, tunda babu takarda. Da aka zo saka rijiyar burtsatse mai sola a garinmu, na je da filayata da tastata na tsaya a gaban ɗan kwangilar. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ina takardarka?" Na ce ga masallaci can, ya je ya ga aikina. Ya ce masallaci ba takarda ba ne. A ƙarshe ɗaukar faifan sola aka ba ni daga mota zuwa gindin tanki, kuɗin lebura. A garinmu, a gaban yaran da nake gyara wa iyayensu fanka.

Sai kuma maganar Rabi. Rabi ce yarinyar da nake nema, kuma ita ta gama sakandarenta tsaf. Mahaifinta manomi ne, yana kuma ɗan sayen hatsi yana kaiwa kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili, Baba kawai zan ce. Da Kawuna ya je masa da maganar, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Yaron ba shi da laifi. Amma ya je ya ƙarasa abin da ya fara tukuna. Ranar da ya kawo takardarsa, ranar za mu sa rana." Ku lura, mutumin da ya kafa min wannan sharaɗin ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Ban faɗa a fili ba, amma na faɗa a zuciya sau da yawa.

To ana haka na ji a rediyo cewa kwalejin koyon sana'a da ke kan hanyar birni ta buɗe ajin manya na Asabar da Lahadi. Washegari na hau babur na je na gani da idona, kuma wallahi abin ya burge ni. Akwai ajin yaƙi da jahilci, na waɗanda ba su taɓa zama a benci ba. Akwai na irinmu da muka tsaya a hanya, a koya maka lissafi da Turanci da sauransu har ka zauna jarrabawar gama sakandare. Kuma a haɗe da shi kana ɗaukar sana'a ɗaya: wuta, walda, kanikanci, gini, ɗinki. Shekara biyu ake yi. Amma ga inda kunnena ya miƙe: wanda ya riga ya iya sana'arsa, za a gwada shi a aikace, in ya ci a tsallakar da shi aji na biyu, ya gama a shekara ɗaya. Ni da na ji haka ai ban ji "aji na biyu" ba, ɗaurin aure na ji, shekara guda kafin lokaci.

Na dawo gari na zama kamar wanda kwalejin ta ɗauka talla. A majalisa, a wurin mai shayi, a bakin rijiya, har ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Ina ce wa dattawa babu wanda ya tsufa da karatu, ina ce wa matasa su daina zaman jiran gwamnati. Abokina Nafi'u, wanda muka bar makaranta tare, ya ce, "Kai dai in an biya ka kuɗin tallan nan ka tuna da mu, Shugaban Makaranta." Duk da haka shi ma ya yi rajista, a walda. Ranar da na yi jawabin ƙofar masallaci Baba yana zaune a gefe yana jan carbi, ko kallona bai yi ba. Na ɗauka maganar ta bi iska.

Ranar gwaji ta zo a tsakiyar damina, an kwana ana ruwa. Na sa wankakken yadina mai ruwan toka, na sa takalmina kambas mai ƙasan roba da na saya musamman a gwanjo. Ɗakin gwajin babba ne, tebura a jere, kwanon sama yana yoyo ta wurare da dama, simintin ƙasa duk ya jiƙe. Mai gwada mu Malam Yohanna, wani dogon mutum mai furfura a gemu, ɗan wani ƙauye ne ta wajen Bici. Ku riƙe wannan, ɗan ƙasar nan ne, ya san komai namu.

Kafin a fara ya tsaya ya ce, "Doka ɗaya ce a ɗakin nan da ba na yafewa. Ƙafar kowa ta zauna a cikin takalminsa. Kun ga ƙasan nan a jiƙe take. Wanda ya taka ta da ƙafa ba takalmi alhali akwai wuta a tebur, ya gama gwajinsa."

Ni kuma, saboda Allah ya yi ni da baki, sai na ɗaga hannu na ce, "Malam, in ƙara musu bayani?" Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni kuwa na juya na fuskanci mutane. Na yi musu bayanin yadda wuta take neman hanyar zuwa ƙasa, yadda roba take tare ta, yadda ruwa yake buɗe mata hanya. Har na ɗaga ƙafata na nuna musu ƙasan kambas ɗina. Wani dattijo mai gyaran injin markaɗe ya ce, "To Malam ƙarami, mun gode, a bar mu mu fara." Aka yi dariya. Ban ji komai ba, na ɗauka yabo ne.

Aikin da aka ba mu mai sauƙi ne: ga allon katako, ka ɗora ƙwan fitila biyu da makunni da soket, ka ja musu waya, a ba ka wuta daga janareta a gani. Ni na fara gamawa. Wayoyina a miƙe kamar an ja su da zare. Abu ɗaya ya rage, wani mahaɗi a bayan allon da ban naɗe da salatif ba, domin salatif ɗin guda ɗaya ne ake zagayawa da shi, kuma yana can hannun mai injin markaɗe yana naɗawa kamar mai ɗaure karaya. Na ce a raina bari in gwada tukuna, in ya iso sai in naɗe. Malam Yohanna ya ba teburina wuta. Na danna makunni, ƙwai biyu suka kama tas. Daɗi ya kwashe ni, na ɗaga allon da hannu biyu ina juya shi don na baya su gani.

A daidai nan na ji sallama daga ƙofa.

Muryar da zan gane ko a cikin kasuwar Dawanau ce. Na juya, ga Baba a tsaye cikin farar babbar riga, da sabon littafin rubutu a hannu, Nafi'u a bayansa yana washe baki. Ashe jawabina na ƙofar masallaci ya shiga. Mutumin ya zo ya yi rajistar ajin yaƙi da jahilci bai gaya wa kowa ba, ya haɗu da Nafi'u a tsakar makaranta, ya ce a nuna masa inda yaron nan yake.

Yanzu ku tsaya ku yi min adalci. Tun ina yaro, a garinmu, in ka hango surukinka ko wanda zai zama surukinka, ba ka tunani. Takalmi yake fara fita, gwiwa ta bi baya. Ko a kan ƙaya ne, ko a cikin taɓo. Na ga Yayana ya diro daga kan amalanke tana tafiya saboda ya hango uban matarsa. Ba kai kake cire takalmin ba, ƙafar ce take yin abinta. Kuma kambas ɗin nan na gwanjo ya ɗan yi min yawa, ban ma ɗaure igiyar sosai ba. Kafin ƙwaƙwalwata ta ce uffan, ƙafar dama ta taka dunduniyar hagu, hagu ta taka ta dama, na zube a kan jiƙaƙƙen siminti da allo a hannuna, ƙwai biyu suna ci, yatsana a kan mahaɗin da ba salatif.

Na fara, "Baba ina kwa..."

Ban ƙarasa ba. Wanda wuta ba ta taɓa ja ba ba zai gane ba. Ji na yi kamar an kama kowace gaɓa tawa ana kaɗa ta daban. Haƙorana suka haɗu, hannuna ya ƙi sakin allon, wani sauti ya fito daga bakina wanda Nafi'u ya rantse irin na ɗan akuya ne da aka taka wa wutsiya. Malam Yohanna ya daka tsalle ya kashe babban makunni. Da wutar ta sake ni, sai na tafi gaba gaba ɗaya, kuma abin da hannuna ya samu ya riƙe shi ne babbar rigar Baba. Na ja shi, ya dafa ƙofa, hularsa ta faɗo ta gangara cikin ruwa, sabon littafin ya bi ta. Ƙwan fitila ɗaya ya fashe. Ni kuma ina zaune daɓas a ƙasa, rungume da ƙafar mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ina kiran Innata da ƙarfi.

Sai Baba ya sunkuyo ya ce a hankali, "Lafiya lau. Ya ruwa?"

Wai amsa gaisuwar yake yi. Nan fa ɗakin ya fashe. Mai injin markaɗe har da riƙe tebur. Da na miƙe, yadina mai ruwan toka ya jiƙe daga ƙugu zuwa gwiwa, kuma ina so in faɗa a nan, a rubuce, cewa ruwan sama ne na kan siminti. Duk wanda Nafi'u ya gaya wa wani abu daban, ya zo mu je gaban mai gari.

Malam Yohanna ya duba hannuna, ya sa na motsa yatsu, ya sa aka ba ni ruwa na sha, ya zaunar da ni a benci. Baba ya ɗauki hularsa ya matse ta, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba," ya fita. Bayan an gama gwajin kowa, Malam ya ɗaga allona ya juya shi ya ce a gaban mutane, "A duk ɗakin nan babu aikin da ya kai wannan tsafta." Zuciyata ta ɗan dawo. Sai ya ajiye shi ya ce, "Aji ɗaya."

Na bi shi har baranda, ba takalmi ma, na manta shi a ciki.

"Malam, yanzu ka ce aikina ya fi na kowa."

"Na faɗa."

"To me ya kawo aji ɗaya?"

"Ƙafarka."

"Malam, surukina ne fa. Kai ma ɗan ƙasar nan ne. Da naka surukin ne ya shigo, a tsaye za ka gaishe shi da takalmi kamar wani ɗan sanda?"

Ya ce, "Nawa surukin har hula nake cire masa. Amma sai na ajiye abin da ke hannuna."

"Ai ba ni na cire ba, ƙafar ce."

"To ita za mu koya wa. Shekara ɗaya ta ishe ta." Sannan ya ƙara da cewa, "Gobe a kan tsani za ka kasance a gidan mutane, da wuta a hannunka. Surukai kuma ba sa sanarwa kafin su wuce."

Na ce masa wannan zalunci ne. Na ce mai injin markaɗe da ƙwansa ɗaya ya ƙi kamawa sai da aka taɓa masa, shi an tsallakar da shi. Na ce in makarantar nan tana son doka, ta fara gyara kwanonta da yake yoyo, ta kuma sayi salatif fiye da ɗaya. (A kan wannan har gobe ina kan bakana. Ɗaki guda, manya fiye da cikin motar haya, salatif ɗaya.) Ya saurare ni har na gama, ya ce maganar kwano gaskiya ce, zai kai ta gaba, sannan ya ce in je in sa takalmina.

Kafin in iso gida labarin ya riga ni, domin Nafi'u babur ɗinsa ya fi nawa gudu. Yara suna bina suna karkarwa. Mai shayi ya tambaye ni ko zan iya caja masa waya da yatsa. Mutanen da na yi wa lacca wata da watanni, ranar kowa ya samu bakin ramawa. Abin da ya fi ƙona min rai, waɗanda suka fi kowa dariya su ne waɗanda da na tsaya a tsaye da takalmi na ce "Baba ina kwana", da kafin magariba sun gama yaɗa cewa boko ta fara lalata ni tun ban shiga aji ba. Ku gaya min, ta ina mutum zai bi?

Na yi kwanaki ban bi ta layinsu Rabi ba. Da na daure na je, ta fito zaure tana ƙoƙarin haɗe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "In dariya za ki yi, ki yi ki gama."

Ta ce, "Na gama tun shekaranjiya. Wannan ragowa ce."

"Me Baba ya ce?"

"Ya ce a duk samarin garin nan bai ga mai ladabinka ba. Ya ce mutum ya gaishe ka har wuta tana cinsa, ai ba ƙaramin abu ba ne."

Na gyara zama. Na ce, "To ko zai sassauta maganar takardar?"

"Na tambaye shi. Ya ce ladabi daban, takarda daban. Ya ce shi ma da yake da jikoki aji ɗaya aka sa shi bai yi gardama ba."

Shi kenan. Shekara biyu cif, saboda ƙafa ta riga kai. Rabi ta ce za ta jira, amma in na kuskura na ƙara wata shekarar a kai, ita ma za ta je ta yi rajistar ajin wuta ta gama kafin ni.

Yanzu haka ina aji ɗaya. Ana koya mana yadda ake fere waya, ni da na haskaka masallaci guda. Ina zaune ina cije baki, in na ɗaga hannu Malam Yohanna ya ce, "Mun sani, ka sani." Amma lissafin da Turancin kam ina jin daɗinsu, ashe akwai dalilin da ya sa siririyar waya take zafi in an ɗora mata kaya, kuma dalilin yana da lissafi (wannan sai mun haɗu, bayanin yana da tsawo). Duk wanda ya tsaya a hanya irina, ya je ya yi rajista, da gaske nake. Ya dai ɗaure igiyar takalminsa.

Baba kuwa bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, har ya fara rubuta sunansa a jikin buhunansa. Ajinsu yana bayan ɗakin aikinmu, dole ta gefen tagarmu yake wucewa. Tun daga nesa, kafin ma in hango shi, sai in ji ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji: "Na amsa, na amsa. Lafiya lau. Riƙe aikinka." Kowace Asabar sai an yi dariya, kowace Asabar ƙafata sai ta motsa a cikin takalmi, ni kuma in danne ta.

Abin da na koya dai shi ne, suruki yana iya jira ka kashe wuta, har ma ya fi son hakan. Ni ne ban taɓa tambayarsa ba.